Ranar da Na Riƙe Hannun Kapiten

A shekarar da hatsi ya ƙone a gona kafin ya yi kai, ni ce mai buga takardu a wani ƙaramin biro, wato ofis, da ke bayan kasuwar Petit Marché. Aikinmu tattara sunayen garuruwan da rumbunansu suka ƙare, don a san inda kamyo, manyan motocin kaya, za su kai abincin agaji. Sojoji ke riƙe da ƙasa a lokacin. Ba a ɗaga murya a biro, kuma kowa ya ji labarin wani magatakarda da aka tafi da shi daga wata ma'aikata saboda takarda ɗaya da ta ɓata, ya dawo bayan sati biyu ba ya son magana da kowa.

Ordinatar ɗaya gare mu, wato kwamfuta. Allonta baƙi ƙirin, ba hoto, sai wani ɗan layi fari da ke ƙyaftawa yana jiran umarni. Idan kina son kwafe fayil, sai ki rubuta umarnin, ki sa wurin da za a ɗauko, sannan wurin da za a kai. Harafin C shi ne cikin na'ura, A kuma disket, ɗan faifan da ake zura mata. In ta tarar da fayil mai suna iri ɗaya a can, takan tsaya ta yi tambaya da Faransanci ko a shafe na da. O na nufin e, N na nufin a'a. Abin da ta shafe ya tafi ke nan.

Kwana tara na yi ina buga sabon jerin garuruwan yankin Tahoua daga takardun hannu, wasu da fensir, wasu gumi ya cinye rabinsu. Ina gamawa aka mayar da takardun can. Ranar Alhamis da hantsi wani kapiten ya shigo, shef ɗinmu, shugaban biro, na biye da shi yana gyara wuyan riga.

"Madam, ki sa masa sabon jerin. Gobe kamyo za su tashi," in ji shef.

Kapiten ya miƙo disket ɗinsa. A ciki akwai jerin watan jiya, wanda babu garuruwan da yunwa ta kama daga baya, kuma sunan fayil ɗin ɗaya ne da na sabon jerina: TAHOUA. Bai zauna ba, ya tsaya a bayana. Ina jin ƙamshin man takalminsa.

Na buga umarnin, na'ura ta yi tambayarta. Na ɗaga yatsa zan danna O kamar kullum, sai idona ya koma kan layin da na rubuta. A ce a farko, C a ƙarshe. Na juya su. Tsohon jerinsa ne zai hau kan sabon nawa.

Na ƙame. Na san N zan danna, amma hannuna ya ƙi motsi.

"Me ake jira?" in ji kapiten. "Ai O ne. Na ga ana yi."

Ya sunkuyo ta saman kafaɗata ya miƙa yatsa. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Sai kawai na ga hannuna biyu sun damƙe wuyan hannunsa, daidai kan agogo.

Shef ya ce, "Innalillahi," a hankali. Kapiten ya dubi hannunsa, ya dube ni. Na sake shi.

"Mon kapiten, ka yi haƙuri. Kuskure na yi. In aka danna wannan, sabon jerin ya ɓata, kuma ba mu da wani."

"Kuskuren wa?"

"Nawa ne."

Ya ce, "Gyara ina gani."

Na danna N. Na fara sauya wa fayil ɗinsa suna, na mai da shi TSOHO, don kada su sake karo. Sau biyu ina buga harafi ba daidai ba ina gogewa. Na sake rubuta umarnin kwafi, C a farko, A a ƙarshe, na karanta shi a fili kamar ƴar lakkol a gaban malami kafin na danna. Wannan karon ba ta tambayi komai ba. Na buɗe abin da ke kan disket ɗin, sunaye suka gangaro, ya bi su da ido har ƙasa.

Ya karɓi disket ya sa a aljihun ƙirji. Ya ciro ƙaramin littafi ya tambayi sunana da unguwarmu. Na ce Gamkalley. Ya rubuta, ya fita.

Da na isa gida na faɗa wa Inna, tana tsinke zogale a tsakar gida. Ta ajiye tire.

"Hannun soja? Ke da wane hannun?"

Ta tashi ta ɗaure mini zane biyu da sabulu da carbi a ɗankwali, ta ajiye bayan ƙofa. Kusan wata guda, duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in leƙa ta ƙofa. Na daina zuwa bakin kogi sayen salati, don kada a zo a tarar da Inna ita kaɗai.

Ba wanda ya zo. Da lokacin sabon jeri ya yi, wani saje aka aiko da disket, ya zauna a benci a waje har na gama. Kapiten ban ƙara ganinsa ba, kuma har yau ban san dalilin da ya sa ya rubuta sunana ba. Daga baya wani direban kamyo ya gaya wa shef sun sauke buhuna a garuruwan sabon jerin, waɗanda ko hanyar mota babu, mata suna fitowa da ƙorai tun kafin a kashe inji. Shef ya maimaita mini labarin yana duban wata takarda, bai ɗago kai ba.