Gwangwanin Kofi na Goggo Waltraud

Har yau ban dawo daidai ba tun Lahadin da muka yi wa Waltraud Kubitz walimar ajiye aiki. Ita ce tsohuwar nan da kullum safe take tura kekenta zuwa gidan burodi, ta tsaya ta yi musu da mai sayarwa a kan burodin jiya, sannan ta shige ɗakinta na tace fim a bayan ofishin 'yan kwana-kwana. Goggo Waltraud muke ce mata. Ita take rubuta labarin fina-finanta, ita take ba da umarni, kuma dukansu a kan ƙauyukanmu ne na yankin Lausitz da mahaƙar kwal ta cinye. Duk ƙauyen da za a tasa, sai ta riga katafila isa. Ta ɗauki ƙararrawar coci ta ƙarshe a fim, ta ɗauki tsofaffi suna kwashe ƙasusuwan iyayensu zuwa sabuwar maƙabarta. Lambar yabo kuwa ko ta roba ba ta taɓa samu ba, mu ma 'yan garin mukan ce fina-finanta ba su da gishiri.

Ana cikin shan kofi da kek sai Detlef, wanda ya tsufa yana taya ta tace fim, ya miƙe.

"Zauna, Detlef, kek ya hau maka kai," in ji Goggo.

"Wallahi yau sai na faɗa. Kun tuna fim ɗin Sallwitz?"

Sallwitz ƙauyenmu ne, ina 'yar firamare aka rushe shi. Detlef ya ce a ranar rusau an tura wani direban katafila ya rushe gidan da aka haife shi. Ya sauko, ya durƙusa a bakin ƙofa yana kuka yana kiran uwarsa, sannan ya hau ya ture gidan, kyamara tana ɗauka. Wani babba daga bikin fina-finai na Berlin ya gani, ya ce da wannan ɓangaren fim ɗin kaɗai duniya za ta san sunanta. Sai direban ya zo wurin Goggo da kayan aikinsa a jiki, ya ce, "Ina da 'ya. Kada ta gani."

"Ta ɗauki almakashi a gabana," in ji Detlef. "Na ce, 'Ke, kin haukace? Abincinmu ne fa!' Ta yanke, ta naɗe a gwangwanin kofi, ta miƙa masa. Mutumin Berlin bai sake ɗaga mana waya ba."

Sai na tuna. Akwai wani gwangwanin kofi a kan kabad ɗinmu da aka hana ni taɓawa tun ina yarinya. Kuma abin da aka gaya mini shi ne ranar rusau Baba yana kwance da zazzaɓi.

Na waiga. Babana Eberhard, da yanzu sai da sanda yake tafiya, ya riga ya sa hannu a aljihun kwat. Ashe shi ya roƙi Detlef ya yi maganar. Ya ajiye gwangwanin a gaban Goggo.

"Waltraud, na cuce ki. Mayar da shi, ki nuna wa kowa."

"Ka ji tsoho da rigima. In mayar a ina? Fim ya ƙare tun kana da gashi." Ta tura masa abinsa. "Ba don duniya ka hana ba, don Silke ka hana. Ga ta nan zaune."

Silke ni ce. Baba ya juyo da gwangwanin, ya kasa haɗa ido da ni. Na riƙe hannunsa da gwangwanin gaba ɗaya, muka yi ta kuka a gaban mutane.

Goggo Waltraud, ke ce mai almakashin da ya yanke rabonki don ya rufa wa wani asiri. Kin ji muna cewa fim ɗinki ba gishiri, ba ki taɓa buɗe baki kin kare kanki ba. Na gode, kuma ki yafe mana. Ku masu yawo da kyamara, in hawayen wani ya faɗo muku a hannu, ku tambaye shi kafin ku kai kasuwa.

Jiya na ɗaga zaren fim ɗin a hasken taga. Ashe na manta ƙofar gidan kakata shuɗiya ce, sai da na ga Baba a durƙushe a gabanta.