Ƙofar da Yaya Sale bai ƙarasa ba

A kakar bana aka cika shekara bakwai da rasuwar yayana Sale, wanda duk ƙauyenmu Lakwaya ya fi sani da Sale Mai Mota, duk da cewa har ya bar duniya ko keke bai mallaka ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya yi, muka rasa shi ana tsaka da yankan dawa. Lokacin ina amarya a Kabo, da ƙaramin ciki. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Manomi ne, kuma shi ke kula da shanun gidanmu. Amma da hannunsa ya sami sarari, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya jawo akwatinsa, ya hau ƙera ƙananan motoci. Ba irin motar karan da yara ke ja da zare ba. Tasa ta gwangwanin madara ce, tayoyin daga tsohon silifas, gilashin daga robar ruwa, fitilun kuma daga kwalin ƙwayar magani. Buroshin fentinsa gashin jelar akuya ne ɗaure a tsinke. Kuma ba ya ƙera motar da bai sani ba. Sai wadda ya gani da idonsa a hanyar Gwarzo zuwa Kabo, ya zagaye ta, ya auna ta.

Yadda yake awon na nan a kaina. Ba shi da tef irin na tela. Hannunsa yake ɗorawa a jikin motar, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ya ƙirga kamu nawa ne. In ya dawo gida, kowane kamu ɗaya sai ya mayar da shi faɗin yatsa ɗaya a jikin gwangwani. Shi ke nan lissafin.

Abin da ya fi ba mutane haushi da dariya shi ne ba ya ɓoye aibu. In mota ta lotsa, tasa ma sai ta lotsa a daidai wurin. Tsatsa kuwa jar ƙasa yake kwaɓawa da gam ya ɗiɗɗiga. Motarsa ta ƙarshe ita ce farar a-kori-kurar Baba Inuwa, direban da ke yi wa ƙauyenmu dakon hatsi. Ran da Baba Inuwa ya leƙo ya gan ta, har da fasasshen gilashi da igiyar da aka ɗaure bamba da ita, sai ya riƙe baki.

"Haba Sale! Ko a gwangwani ma ba za ka rufa mini asiri ba? Gyara mini ita mana."

Yaya Sale yana da in'ina, sai da ya ɗan jima kafin maganar ta fito. Ya ce, "Baba, in na gyara ta, ta wani ce, ba taka ba."

Ƙofa ɗaya ta rage masa, ta ɓangaren direba, ciwon ya kwantar da shi.

Zan faɗi gaskiya, tunda shi ba ya son a shafe tsatsa. A lokacin kunyarsa nake ji. Ƙato da gemu, a ce yana wasan gwangwani. Mutane ba sa jiran ya gama magana, ƙarasa masa suke yi, ni ma haka. In ƙawayena za su zo, har roƙonsa nake ya shigar da akwatin ɗaki. Bayan rasuwarsa Inna ta ce in ɗauki akwatin, ita ba za ta iya ganinsa ba. Na kawo shi Kabo na tura ƙarƙashin gado.

Cikin da nake da shi a lokacin shi ne Safiya. Ita ma da in'inarta ta zo. Malamarsu ta ce ba ta amsa tambaya, yara kuma suna kwaikwayonta a hanya. Ni mai yawan fargaba ce dama, ko tari yaro ya yi sai hankalina ya tashi, balle wannan. Wata rana ina shara ta jawo akwatin ta buɗe, na same ta riƙe da motar nan ta ƙarshe tana leƙa gurbin ƙofar. Na fizge. Na ce mata akwai reza, gwangwani zai yanke ta. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Tsorona kada a haɗa mata dariya biyu, ta baki da ta hannu, yadda aka haɗa wa kawunta. Ga ta kuma mace.

Na kan tambayi kaina me Yaya Sale zai ce da ya ga yau. Kasuwa cike da motocin roba masu fitila da kuka, duk sumul, ba wadda ta taɓa faɗawa rami. Na san zai juya ɗaya a hannu ya ce wannan ba ta da mai ita. Kwanakin baya kuma maigidana ya nuna mini bidiyo a waya: dattawa a ƙasashen waje, da furfura da tabarau, suna haɗa ƙananan motoci, suna ɗiga musu tsatsa da siririn buroshi, jama'a na layi suna kallo. Na yi dariya har da ƙwalla. Ashe abin da muke ɓoyewa a ɗaki, a wani wurin a gilashi ake ajiye shi. Su fa an yanko musu komai a kwali. Shi kuwa daga gwangwani ya fara.

Tun daga ranar na daina hana ta taɓa motar, amma almakashi da reza suna wurina. Da ta tambaye ni yadda kawunta ke sanin girman kowane abu, na gaya mata maganar kamu da yatsa.

Makon jiya Inna ta aiko mana da buhun sabuwar dawa, kuma Baba Inuwa ne ya kawo, a motar nan dai, tana nan tana tari. Sai dai ƙofar direba an sauya ta da wata shuɗiya. Na fito zaure muna gaisawa, ya gajiya, ya mutanen gida, sai na hango Safiya ta manna hannunta a jikin ƙofar motar tana ƙirga.

Baba Inuwa ya kwashe da dariya. "Amaryata, ai hannunki bai kai na kawunki ba. Ƙofar da za ki yi sai ta fi motar girma."

Ni ma abin da na zata ke nan, abin kuwa ya dame ni, don na san in bai yi ba za ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba. Ta shigo ta jera yatsanta a kan gwangwani, uku da rabi a faɗi, ta zana da ƙusa, ni na yanka. Muka kara a gurbin. Sai da aka ɗan goge gefe ɗaya a dutse, ƙofa ta zauna daram. Na daɗe ina kallo kafin na gane: hannunta ƙarami ne, amma ai yatsanta ma ƙarami ne. Awon da ya bari ba nasa ba ne shi kaɗai, kowa da hannunsa zai iya.

Na ɗauko farin fenti, don ni yadda ya bar ta nake so. Ta riƙe hannuna. Na ji bakina zai ƙarasa mata maganar, na danne, na jira.

"Umma, shu-shuɗiya ce yanzu."

Shuɗi muka sayo.

Yaya Sale bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Yawancin motocinsa yaran dangi sun ɓalla su tuntuni. Abin da ya rage shi ne wannan ido da ba ya yi wa abu ƙarya, kuma na gan shi a fuskar 'yata. In'inarta na nan, ban sani ba ko za ta bari. Fargabata ma ba ta tafi duka ba. Amma akwatin ya fito daga ƙarƙashin gado, kuma ba zai koma ba, ko wa zai zo gidan.

Jiya Baba Inuwa ya biyo karɓar buhunsa. Safiya ta miƙa masa motar. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Ke ma ba za ki rufa mini asiri ba?"

Ta buɗe baki, maganar ta maƙale. Bai ƙarasa mata ba, ni ma ban ƙarasa ba. Muka tsaya har ta fito.

"Ai taka ce, Baba."