Ƙarar da Malam Mati Bai Ji Ba

Da an sallame sallar asuba a masallacin layinsu da ke Kambarawa, Malam Mati ba ya komawa shimfiɗa. Yakan sha kokonsa, ya zura rigar aikin da baƙin mai ya rine, ya hau keke zuwa Ƙofar Sauri. Kafin ƙarfe bakwai ya share gindin darbejiyar da ke gaban garejinsa, ya jera sifanoni a kan buhu, ya zauna bisa tsohuwar taya yana fuskantar titi. Ba kallon motoci yake yi ba, saurarensu yake yi. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran birki, birki kaɗai.

Babaji mai shayi, maƙwabcinsa, ya sha ganin ya miƙe ya tare motar da bai san mai ita ba. Akwai ranar da ya tsayar da Lawwali, direban bas mai jigilar Jibiya, mota cike da fasinja, ya ce masa takalmin birkinsa ya cinye, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Takalmin birki shi ne ɗan fallen nan da ke matse faifan taya idan an taka birki. Lawwali ya yi ta faɗa, wai Mati neman kuɗi kawai yake yi da shi. Da aka kwance tayar ya ga abin da ya rage, sai ya zauna a ƙasa. Tun daga ranar 'yan tasha ke kiransa Mati Kunnen Birki.

Amma abin da ya sa muke wannan jinjina ya faru ne a wata Talata cikin daminar bara.

Wata malamar firamare, Halimatus Sa'adiyya, ta kawo ƙaramar motarta. Duk Alhamis ita ke kai mahaifiyarta asibiti a Kano wankin ƙoda. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Baba, kaina ya ɗaure. Motar nan ƙara take yi, siririya, kamar kukan tsuntsu. Na je wuri uku. Wani ya ce boris ɗin taya ne. Wani ya ce yashi ne, in yi ta tafiya zai fita. Na ukun ya leƙa ya ce takalmin sabo ne fil, wai kunnena ne. Kuma gaskiya ne, wata uku ke nan da aka sauya shi. Jibi zan hau hanya da Inna. Wa zan yarda da shi?"

"Mu tahi in ji, ɗiyata," in ji Mati.

Ya shiga gefenta, ta ja suka miƙa. Ya sauke gilashi, ya karkata kai yadda ya saba. Yana jin injin, yana jin taya a kan kwalta. Ban da su, babu komai.

"Ga ta nan, Baba! Ka ji?"

Bai ji ba. Ya ce ta rage gudu. Ta rage.

"Ga ta kuma."

Ya juya ɗaya kunnen. Shiru. Ko dai bakaniken nan na uku ne ke da gaskiya, matar ce ke jin abin da babu? To amma ga ta tana yamutsa fuska duk lokacin da ta ce ga ta, wannan ba fuskar mai ƙirƙira ba ce. Sai ya tuna kwanan nan iyalinsa na cewa yana ƙure rediyo. Ya tuna wayarsa takan yi ta kuka a aljihu sai Babaji ya taɓa shi. Motoci nawa ke nan ya sallama a watannin nan yana cewa lafiyarsu ƙalau? Ya rasa wanne zai tuhuma, motar, ko matar, ko kansa.

Da ya ga dama, da sai ya gyaɗa kai ya ce ya ji, ya ambaci wata cuta cikin goma da ya sani, babu wanda zai musa masa. Amma sai ya ce, "Malama, tsaya gefe." Ta tsaya. "Wallahi ban ji komi ba. Ba don babu ba. Ina jin kunnen ne ya fara barina. Yanzu ke za ki ara mani naki."

Ta dube shi, ruɗewarta ta ƙaru. Wurin mai kunne aka turo ta, ga shi yana neman aron nata.

"In kin taka birki, ƙarar ƙaruwa take ko mi?"

Ta yi tunani. "Abin da ya fi ɗaure mani kai ke nan. In na taka, sai ta ɗauke."

"Daga wane gefe?"

"Kamar dama. Gaba."

Ya fita ya zagaya, ya kai bayan hannunsa kusa da wilin, wato ƙarfen tayar gaba, na hagu, sannan na dama. Na dama har hucinsa ke dukan fata. Suka koma gareji, ya sa jak, ya kwance tayar. Takalmin waje, wanda ake hangowa ta cikin wili, yana nan da kaurinsa, shi ne wanda bakanike na uku ya leƙa. Da Mati ya zaro na ciki, sai ga shi ya siɗe kamar ɓawon albasa. Ƙusar da ke barin birki ya saki bayan an ɗaga ƙafa ta yi tsatsa ta cije, don haka wata uku ke nan takalmin ciki yana manne da faifai. Ƙarar kuwa ɗan harshen ƙarfen nan ne da ake sa wa takalmi don ya yi kuka in ya kusa ƙarewa.

Halimatus Sa'adiyya ta riƙe fallen a tafin hannunta. "Da wannan zan tafi Kano?"

"Da wannan kika dawo makon jiya," in ji shi.

A shagon kayan gyara wani ruɗanin ya tarbe ta. Aka ajiye mata kwali uku, zane iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, mai shago yana rantsuwa kowanne gangariya ne. Mati ya ture kwalayen, ya ce kwali ba ya tsayar da mota. Ya ɗora kowane takalmi a kan tsohon don ya ga ko kunnuwansu na ƙarfe da ke gefe sun dace. Ya kankari fuskar na farko da ƙusa, ta zubo kamar gawayi, ya ajiye. Ya nuna mata na biyu, inda fallen ya haɗu da ƙarfensa, ga 'yar tsaga da farce ke shiga. "Wannan in ya sha zafi a hanya, ɓallewa zai yi." Na ukun ya ɗauka. Ya sauya na tayoyin gaba duka biyu, ya wanke ƙusar ya shafa mata giris. Da suka fita gwaji, ita ce ta saurara, shi kuwa fuskarta yake kallo har ta yi murmushi.

Washegari ya bi gidajen mutum shida da ya tuna ya sallama ba tare da ya kwance taya ba, ya roƙi kowanne ya dawo da motarsa. Biyu daga ciki takalminsu ya kai gargara. A watan jiya ya miƙa garejin ga Hussaini, tsohon ɗalibinsa wanda shi ma furfura ta fara fito masa, da sharaɗi ɗaya: ko me kunne ya faɗa, a kwance taya a duba na ciki.

Malam Mati, kai ne ka yi shekara arba'in ana yabon kunnenka, ranar da ya gaza kuma kai ne na farko da ya faɗa. Kai ne ka zaɓi ka ji kunya a gaban sa'ar 'yar cikinka da ka tura ta hanya da ƙarya. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu sana'a, makanikai da malamai da masu ba da magani, akwai ranar da wani zai tsaya a gabanku da ran mahaifiyarsa a hannu, ku kuma ba ku gane abin da ke faruwa ba. Ranar nan ku buɗe baki ku ce ba ku gane ba, sannan ku tsuguna ku duba.