Shingen Kawu Tanimu da Ɗorawar Inna

Kudan

Da asuba na bar Kudan, a shekarar da aka fara yaƙin basasa. Inna ce ta aiko cewa ƙanenta Kawu Tanimu, tsohon sojan yaƙin Bama, ya sa ana sare itatuwan ƙauyenmu ana shinge da su don kada abokan gaba su shigo, kuma an kusa kaiwa kan ɗorawarta. Wajen uwarta ta gaje ta, da daddawarta ta raine mu. Ni kaɗai Kawu yake ɗan saurara wa.

Makarfi

Motar rake na hau, a saman kaya. Shingen sojoji a Makarfi ganguna biyu ne da gora. Suka leƙo, suka zari rake, suka ɗaga gora. Direba ya ce yaƙin na can kudu, ko ƙurarsa ba za mu gani ba. Na ci waina a tasha.

Ikara

Na yi azahar a Ikara, sauran tafiyar a ƙafa ta hanyar Furana. Da la'asar na iso. Gaskiya Kawu ya iya aiki. Ga maɗaci da kanya da tsamiya kwance, gindi ciki, rassa waje, kowane reshe an fere shi kamar tsinken tsire. Ƙofa ɗaya aka bari, Audu na tsaye a kai da sanda. Tare aka yi mana kaciya.

Muka gaisa sosai, har ya tambayi jinjirina. Sannan ya ce ba shiga sai da izinin Kawu.

"Ina Kawun?"

"Yana gonar Inna. Ya ce kada a katse shi."

Ina jiyo saran gatari. Na zaga gefe na kutsa, reshe ya yage mini riga da cinya. Ina cikin zare kaina daga rassan na ji faɗuwar ɗorawar.

Can sai ga izini. Na iske Inna zaune kan kututturen, ta tambaye ni ko na ci abinci. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Kawu kuwa ya ja ni gefe, yana son jin yadda shinge yake daga waje. Na ce yana aiki.

Gida

Washegari na dawo Kudan lafiya, Alhamdulillahi, ina kuma gode wa direban da ya zaunar da ni a gaban mota saboda cinyata. Har yaƙin ya ƙare, ni kaɗai shingen nan ya taɓa tsarewa.