Sassaƙen Bishiyar Roba

Unguwar da muka zauna a Setapak, a wata ƙasa can gabas mai nisa, da can gandun roba ce. Ban san haka ba sai da na tafka abin kunya, ni da aka turo in yi digiri na uku, kuma wai a fannin tarihi.

Bayan benenmu, tsakanin wurin ajiye motoci da magudanar ruwa, akwai wata tsohuwar bishiya guda ɗaya tilo. Jikinta duk tabo ne, daga daidai kafaɗata har ƙasa. A garinmu ko yaro ya san karatun wannan: itacen da ya sha sassaƙa itacen magani ne, yawan tabonsa kuwa shi ne shaidarsa. Ni kuma a lokacin basir ya sa ni gaba, albarkacin barkonon shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa, da na mayar abincin safe da rana. Na sha maganin asibiti, amma zuciyata ba ta yarda an yi jinya ba in ba a tafasa sassaƙe ba.

Uwargida ta ce, "Malam, da dai ka tambayi 'yan gari tukuna." Na ce mata itace ba ya canza hali don ya ƙetare teku. Ranar Asabar da hantsi na ɗauki wuƙar yankan nama, na sauka, na duƙa, na yi bisimilla, na ɓamɓaro ɓawo kamar faɗin tafin hannu daga ƙasa, inda ya fi kyan gani. Wani farin ruwa mai danƙo ya biyo baya. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce lalle maganin nan da ƙarfi. Na tafasa da jar kanwar da muka zo da ita daga gida, na shanye kofi biyu.

Washegari na tarar da maƙwabcinmu na hawan ƙasa tsaye a gindin bishiyar. Dattijo ne Ba'indiye, kowa Ankul yake ce masa, wato kawu, kullum muna gaisawa. Na gaishe shi. Da ya buɗe baki, ba da ni yake ba sosai, bishiyar yake kallo.

Ya ce kakansa Turawa suka kawo a jirgin ruwa don aikin gandun. Itatuwa ne jere tun daga tudu har bakin rafi. Inda motocinmu suke kwana, nan layin gidajen lebura yake, kowane iyali ɗaki ɗaya, ga kantin kamfani, ga 'yar makaranta, ga ɗakin ibadarsu. Kafin gari ya waye ake buga ƙararrawa, kowa ya ɗaura fitila a goshi ya shiga layinsa da 'yar wuƙa, yana tsaga ɓawo ruwan roba na ɗiga a kofi. Daga baya kamfani ya sayar da ƙasar, katafila ta zo, ƙauyen ya watse, wasu suka koma unguwar Cheras, wasu ko labarinsu babu. Wannan ɗayar ta tsira ne don tana bakin magudana, ba ta shiga filin kowa ba.

"A layin mahaifiyata take," in ji shi. "Kowane mai tsaga da irin hannunsa. Ita nata siriri ne, ba ta taɓa cin naman itace ba. Na ƙasan nan su ne na ƙarshe da ta yi. Ko hotonta ba ni da shi."

 Shaiɗan ya raɗa mini in ce ai ɗaliban nan ne marasa tarbiyya, har na fara gyaran murya. Sai na ga idonsa a kan yatsuna, inda danƙon jiya ya bushe ya yi baƙi, sabulu ya kasa fitar da shi. Na faɗa masa gaskiya, har da basir ɗin, don wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba.

Ya ce, "Ina ɓawon yake?"

Na hau sama. Uwargida ta tsamo mini shi daga tukunya. Ya dahu ya kumbura, ya rabu gida huɗu, kanwa ta rine shi ja.

Dattijon ya shimfiɗa hankicinsa a kan wata mota, ya jera gutsattsarin, yana juya su har suka haɗu. Ya bi su da babban yatsa a hankali, ya daɗe yana nema.

"Ga tsagarta uku nan ba su goge ba," ya ce.

Ya naɗe hankicin, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya shiga gida.