Ɗorin Kawu Alu Guda da Ya Karkace

Kun dai san Kawu Alu, maɗorin Allakaye, ba ya duban fuska in ana gaisawa, ƙafa yake duba. Ka ce masa ina kwana, ya ce, "Diddigenka na hagu ya hi na dama cin takalmi." Kai, Kawu!

Tun ban san kaina ba yake ɗori, sau ɗaya tak ya kuskure. Amalanke ya taka ɗan kwikwiyon wasu makiyaya a ƙafar baya, Kawu ya ɗaure da kara, ƙashi ya kama a karkace. Suka bar masa karen suka wuce. Duk inda ya sa ƙafa, kare na biye yana ɗingishi.

Ranar kasuwa aka ce, "Alu, ga aikinka nan tahe!"

Ya ce, "Ƙasar garinga ce ba ta daidai."

Amma abin na cinsa. Rannan ya tasa ni gaba, ni ɗan ƙanwarsa mai babur, sai Madawa wurin likitan dabbobi: ni gaba, Kawu baya, kare tsakiya yana lasar mini ƙeya. Wankin rigata kuwa ba a magana. Likita ya ce sai an sake karya ƙashin, a miƙe shi, a sa ƙarfe.

"Ƙarhe? Lokotoro, kare nik kawo ma, ba moto ba!"

Ya dai yarda. Ana aiki ya maƙale a taga yana ba da umarni: "Ja kaɗan! A'a, ya yi yawa!" Likita ya taso ya rufe tagar.

Sau huɗu muka koma duba ciwo, ƙuguna har yau bai yafe ba. A na huɗun na gaji, na tsaya bakin hanya na ce, "Kawu, duk wahalar nan don a daina yi maka dariya?"

Ya ce, "Dariya ba ta kai ni wuta. Mutum in na ɓata mai ƙahwa, shi zage ni, in roƙe shi gahwara. Wanga mi za shi ce? Sai ranar hisabi shi taso da ƙahwa ukku shi nuna ni."

Ban sake ƙorafi ba. Zuwa na biyar, na cire ƙarfe, ni da kare kaɗai muka je, Kawu ya riga ya kwanta dama. Yanzu in karen ya sheƙo da gudu, ƙafafunsa nake fara dubawa.

Ya Allah, ka gani dai, huɗu ne, duk a miƙe. Ka jiƙan Kawu Alu, ka sa ya huta.