Ƙazamin Malam

Ranar wata Alhamis ce, cikin zafin shekarar da na shiga aji huɗu a lekkol, wato makarantar boko, Baba ya dawo daga kasuwar Assihar ba tare da geron da ya fita saye ba. A bayansa Laminu ne, wani saurayi ɗan Matamaye mai aikin gini da ke ɗaukar karatu wajen Baba, yana turo baro an lulluɓe shi da takardar buhun siminti. Ina zaune gindin tankin ruwa ina wanke alluna, sai warin ya riga baron shigowa, wari irin na naman da aka manta cikin leda. Da Laminu ya yaye takardar, sai da na yi dogon nazari kafin na yarda cewa abin da ke kwance kare ne. Gashinsa ya zube sai 'yan tsibirai nan da can kamar taswirar da ke rataye a ajinmu, fatar ta yi ɓawo ta tsattsage, kunnuwan cike da kaska masu girman jiƙaƙƙen wake, ga wani gyambo a cinya da ƙudaje suka mayar wurin taro. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta dube shi, ta dubi Baba, ta ce, "Malam, geron ne ya koma haka?"

Gidanmu na haya ne a unguwar Tahaggart, ɗaki biyu da tsakar gida da wata rumfar kwano inda Baba ke karantarwa. Daga Damagaram ya zo Tamanrasset tun kafin a haife ni, kuma ɗalibansa na gaske su ne samarin ƙasarmu masu aikin gini, waɗanda ke zuwa kai tsaye daga wurin aiki gab da magariba, siminti har cikin gira, kowa da felunsa a kafaɗa. Felu, wato shebur, shi ne dukan abin da lebura ya mallaka. Da shi yake tsayawa bakin titi da asuba, kuma mai ɗaukar ma'aikata felun yake fara dubawa kafin ya dubi fuskar mutum. Su jingine su a bango daga ciki, su yi alwala, su cika tabarmi. Da wannan karatu muke ci, kuma da shi Baba yake Malam a garin da ba namu ba. A bayan wani gini ya tsinci karen, inda aka kore shi da duka har ya kasa tashi. "Ba kiwonsa zan yi ba," in ji shi. "Ya warke, ya kama gabansa." Inna ta ce ta ji, amma ko murfin tukunyarta bakinsa ba zai taɓa ba, ta kuma raɗa masa suna Ƙazamin Malam. Ƙannena duk ba su wuce goyo da rarrafe ba, don haka da aka duba wa za a ɗora wa wannan lada, ni aka gani. Baba ya ce, "Uwata, ke ce likitarsa," kamar wanda yake naɗa mini sarauta.

Aikin likita kuwa ga yadda yake. Kafin in tafi lekkol, in tsuguna da hantsaki in cire kaska ɗaya bayan ɗaya in jefa cikin gwangwanin kananzir, wata ta fashe mini a yatsa da baƙin jini. In wanke gyambon da ruwan gishiri, in tsamo farare-fararen tsutsotsi da tsinke, su faɗi ƙasa suna miƙa kamar waɗanda aka tasa daga barci mai daɗi. In kwashe kashinsa, wanda shi ma ba ya zuwa shi kaɗai. Na koyi yin numfashi ta baki, na kuma koyi cewa yin haka ba ya hana komai, ɗanɗana warin kawai mutum yake yi. Laminu, da zuciya ɗaya, ya kawo baƙin man da aka zubar daga injin mota, ya ce a garinsu da shi ake kashe ƙazwa. Muka shafe karen tas har ya yi ƙyalli kamar sabuwar taya. Ya lashe rabi, ya kwana biyu yana amai baƙi ƙirin a kowace kusurwa, har kan takalman baƙi. Don kada ya sake lasa, Laminu ya yanke gindin wani tsohon bokiti ya zura masa a wuya, sai ga shi yana yawo yana karo da bango kamar lasifikar masallaci da ta yi ƙafafu.

Wanda ya cece mu daga ilimin Laminu wani dattijon Buzu ne mai suna Alhasan, mai lambu a Silet, wanda kan kawo tumatir da albasa kasuwa ya biyo ya gaida Baba. Ya dubi karen ta saman rawaninsa, ya ce da Hausarsa mai laushi, "Wannan ba mota ba ne." Zuwansa na gaba ya kawo farar wuta da kwalbar gatran, baƙin man itace mai kauri da suke shafa wa raƙuma masu ƙazwa, ya nuna mini yadda zan sirka da mai in shafa da tsumma. Maganin ya yi aiki, amma warinsa ba ya jin sabulu. Ya shiga farcena da rigar makaranta da littafin lissafi. Yarinyar da muke zama benci ɗaya ta matsa har sai da rabin jikinta ya fita daga bencin, malaminmu kuma, mutum mai ladabi, ya ɗauki ɗabi'ar buɗe tagar da ke kusa da ni. A wurin carafke aka daina karɓar duwatsuna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen garin da wannan gatran ɗin suke shafe cikin salkarsu don ruwa ya yi ƙamshi. Duk gidan da na shiga aka miƙo mini ruwan karamci, cinyar Ƙazami nake sha.

Da ya fara samun ƙarfi sai muka gane ciwon fata ne ƙaramin ciwonsa. Da rana ba ruwansa da kowa, yana kwance bayan tanki yana susa. Amma da zarar mutum ya shigo da felu a kafaɗa, sai ya saki wani kuka mai kama da na jariri, ya yi fitsari a inda yake, sannan ya taso da bokitinsa ya nufi ƙafar mutumin. Da felu aka karya shi, bai kuwa manta ba. Ya yaga wandon wani ɗan Tasawa, ya kayar da wani cikin ruwan alwala. Wasu suka fara ƙorafin cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Baba ya yi musu bayani a tsanake cewa a mazhabarmu jikin mai rai ba najasa ba ne, kuma jinya daban, kiwo daban. Suka ce sun gamsu, amma hancinsu bai gamsu ba. Aka ce to, a riƙa barin feluna a waje kamar yadda ake tuɓe takalmi. Ba a daɗe ba felun wani ya yi ƙafa, mai shi ya yi kwanaki a bakin titi hannu sake babu wanda ya ɗauke shi. Daga nan tabarmi suka fara yin faɗi. Wasu suka koma wajen wani malami a ƙetaren kwari, wasu suka zauna a ɗakunansu. Na tuna wata magariba ina riƙe da wuyan bokitin a bayan tanki, ina jin Baba yana biya karatu da muryar da ya saba cika rumfa da ita, ba mai amsawa sai Laminu. Inna ta ce masa, "Malam, ka zaɓa, ko almajiranka ko ɗan naka." Ya ce ya riga ya yi magana, sai ya warke. Miyarmu ta fara tsinkewa, Baba kuma ya fara daɗewa a kan buzunsa bayan sallah.

Ana cikin haka Ƙazami ya aikata babban laifinsa. Ya gaji da gwangwanin da nake zuba masa abinci, ya tsoma baki cikin kwanon Inna mai furanni, wanda ta zo da shi daga gidan iyayenta. Baba ya ce a wanke sau bakwai yadda aka hukunta. Inna ta wanke da toka da yashi har furannin suka gudu, sannan ta ba kaji. Ta jefar da gwangwanin ta bayan katanga, ta ce daga yau ba wani abu mai suna mazubi da zai sake zuwa kusa da shi, ni ma na gama tsugunawa gabansa da abinci. Ta ɗauko wani tsohon felu mai giɓi da Laminu ya yar a bayan madafa, ta kwashe sauran tuwo a kansa, ta miƙa daga nesa iya tsawon ƙotar tana kau da fuska, ta ajiye a ƙasa. "Ya ci ko ya bari." Ba dabara ta yi ba, kada wani ya ba ta ladar da ba ta nema ba. Ƙota mai tsawo kawai take so tsakaninta da shi.

Ya yi kukansa, ya yi fitsarinsa, ya shige bayan tanki. Tuwon ya bushe, kaji suka cinye, Inna ta sake zubawa a kan felun. Ni kam har na fara lissafin inda za a binne shi, ba tare da wani baƙin ciki ba. Sai wata rana da hantsi na gan shi yana jan ciki, kunnuwa a kwance, yana rawar jiki har ya kai bakin felun. Ya fizgi loma ya gudu. Ya dawo ya sake fizga. Kafin sati ya zagayo yana lashe ƙarfen har ya yi haske, kuma ƙarar jan felu a ƙasa ta zama masa kiran cin abinci.

Sai matsalar ta juya ta ɗaya gefen. Yanzu duk wanda ya shigo da felu, Ƙazami zai tarbe shi da kaɗa jelarsa marar gashi, ya raka shi har bango, ya bi felun da lasa, siminti da duk abin da ke jiki. Laminu ya kai labari wuraren aiki, samari suka fara leƙowa don su gani da idonsu, kuma da yake ba a shiga gidan malami a fita haka nan, sai su zauna. Nan take gardama ta tashi, irin wadda 'yan ƙasarmu ba sa iya wucewa: shin felun da kare ya lasa mazubi ne da za a wanke, ko kuwa ƙarfe ne kawai? Aka yi dare da yawa ana kai da kawowa, ɗan Tasawa mai yagaggen wando ya dawo musamman don ya kare ra'ayinsa. Baba ya bar su suka gaji, sannan ya ce, "Duk wanda a cikinku yake shan fura a felunsa, ya wanke." Aka yi dariya, aka ɗauko alluna. Tabarmin da muka naɗe muka jingine a ɗaki, ni aka sa na sake shimfiɗa su.

Ya warke a ƙarshe, in dai za a kira wannan warkewa. Gashi ya fito masa ja-ja kamar tsohuwar tabarma, wani wuri da kauri wani wuri a sake, muninsa kuma bai ragu ba, ya dai daina zubar da ruwa. Baba ya cika maganarsa. Alhasan ya ɗora shi bayan motar kayan lambu zuwa Silet don ya yi masa gadin dila. Ni da na tsamo masa tsutsa da hannuna ko kallona bai yi ba. Inna yake leƙe yana kuka, ita kuwa tana can tana kwarara wa tsakar gida ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Daga baya Alhasan ya ce gadi dai babu, dila na shiga ta gabansa, amma ya samu abokin tafiya duk inda ya bi da felunsa yana buɗe wa ruwa hanya a lambu.

Yanzu ina Damagaram, Baba ya daɗe da rasuwa, Inna ta tsufa har takan ba da labarin nan kamar ita ta tsara komai. 'Ya'yana suna nuna mini hotunan karnuka a waya, masu sheƙi, wasu har da riga, suna roƙon in saya musu. Nakan ce a'a tun kafin su rufe baki. An ce mini an rushe gidan na Tahaggart an yi bene, samarin nan kuma sun watse, wasu sun yi arewa, wasu an maido su gida a bayan manyan motoci, wasu ba wanda ya san inda suka ƙare. Gidana na yanzu tsaf yake, ba abin da ke wari, da magariba kuma ba wanda ke sallama. Har yau in na tuna karen nan sai in ji warin gatran a hancina, amma ban sake zama a gidan da ya cika kamar wancan ba.